Na sa hannu a bayan idon Inna

Daren Talata, asibiti, Ƙonni

Yau na yi wa Inna ƙarya.

Sati uku ke nan ƙanena Habu ba ya barci. Mutumin da ke wuni a garkar albasa, yau shi ne ke taunar baki ba komai a ciki, yana kirana da sunan marigayi Baba. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake yi.

Likita ta ce tana zaton sojojin jininshi ne, waɗanda ke kare mutum daga cuta, suka juya suna yaƙar ƙwaƙwalwarshi. In haka ne akwai magani, amma sai an ɗebi ruwan bayanshi da allura an aika gwaji. Inna ta ce atafau, wai an yi wa wani haka a Tajaye, bai ƙara taka ƙasa ba. Likita ta ce ba allurar ke kawo haka ba.

Da Inna ta fita sallar la'asar, na sa hannu a takarda. Ni na riƙe mishi gwiwoyi aka ɗebi ruwan.

Aljani dai ana korar shi. Jinin mutum fa, ina za a kora shi? Kuma jininmu ɗaya da Habu.

Ɗazu Inna ta ce mini, "Malam, ba su taɓa mini bayanshi ba ko?" Na ce a'a. Ta yi barci a tabarma. Ni ko na yaye mishi bargo, ina kallon yatsun ƙafarshi, ina jira su motsa.