Jan Ɗigon da Aka Sa wa Rijiyar Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Kumandan Jandarma na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da barka da ƙoƙari a wannan lokaci na riƙon ƙwarya da kowa ke jiran zaɓe.

Sunana Hamisu Barmo, manomi a ƙasar Gangara. Mahaifina, Malam Barmo, shi ya haƙa rijiyar bakin burtali, ya bar ta sadaka ga mutum da dabba, har ƙauyenmu ya ci sunanta.

Na ɗaya. Ranar da na zo buronku, wato ofishinku, belin ƙanena Sabi'u, na ga taswirar da sabuwar na'urarku mai ƙwaƙwalwa ta fitar. An ce duk wurin da aka ambata a ƙarar satar shanu sai ta ɗiga masa ja. Rijiyar Barmo ta yi jawur kamar an yanka rago a kanta.

Na biyu. Ranka ya daɗe, a nan in an kore shanu, sawu masu shanun ke bi. Garkunan ƙasar Agiye da na kudu duk a rijiyarmu suke sha, to nan sawu ke cakuɗewa. Mai shanu ya zo gabanku a tambaye shi wuri, sai ya faɗi inda sawu ya ɓace masa, don mashekarinsa, inda yake kwana da shanu a daji, ba shi da suna. Na'ura kuwa abin da aka ba ta shi take haɗiyewa.

Na uku. Tun da aka ɗiga mana jan nan motarku ba ta mako ba ta tsaya mana ba. An tafi da Sabi'u a ɗaure gaban 'ya'yansa, daga baya aka ce ba shi da laifi. A kasuwar Gangara ko akuya muka kai, dillali sai ya kau da kai. Mahaifina, da ake kira don shaidar ciniki, ya daina zuwa. Na tarar da shi a zaure yana kuka, abin da ban gani ba ko ranar da muka binne mahaifiyarmu. Wallahi zuciyata ta karye.

Yanzu ya rantse sai ya cike rijiyar, tunda ruwansa ne ya jawo masa sunan mai ɓoye ɓarayi. Ga rani ya kama, ba wata rijiya kusa.

Roƙona, ku raba inda aka yi sata da inda sawu ya ɓace, ku goge jan nan. Sannan ku aiko wani ya wanke tsohon a bainar jama'a, don mu ya daina jin maganarmu. Ku taimaka da hanzari. An fara tara ƙasa a bakin rijiyar, kwandon farko kuwa shi ya ɗauko da kansa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da ɗaukar alhakin bayinsa.

Wassalam.
Hamisu Barmo