Sauyin da Ya Kori Ɗalibaina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Cibiyar Karatun Mata, Azare.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, tare da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Shekaruna saba'in da shida, kuma ban rubuto don a tausaya mini ba. Gwiwa ce ta gaza, hankali yana nan. Na koyar da Ingilishi a ƙasar Katagum tun kafin a yaye ka. Da na yi ritaya kuma na koma koya wa matan aure karatu a cibiyar nan, bayan la'asar, don Allah.

Ranar da aka sake buɗe cibiyar bayan gyara, ka faɗa wa baƙi cikin Turanci cewa ka kawo abin da Bature ke kira sauyin teku. An tafa maka. Ni ban tafa ba, ga dalilaina.

Na farko, maganar kanta. Asalinta wani tsohon wasan kwaikwayo ne na Ingila, inda ake kwatanta yadda teku ke yi da abin da ya nutse a cikinsa: ba ya ruɓar da shi, a hankali yake mayar da shi abu mai daraja, siffarsa tana nan amma cikinsa ya sake sarai. Kai kuwa, ranka ya daɗe, fenti ka sake da allon bakin ƙofa.

Na biyu, ka mayar da darasi ƙarfe tara na safe, wai don ya dace da lokacin ofis. Da ka tambaye ni, da na gaya maka inda ɗalibaina suke a wannan lokaci. Inna Hajjo tana kan hanyar Shira da ƙwaryar nono a ka. Maman Talatu, mutuniyar Bogoro, tana sharar asibiti. Sauran suna gaban kaskon ƙosai. Inna Hajjo ta kai inda take haɗa baƙaƙe. Burinta ta karanta saƙon ɗanta a waya ba tare da maƙwabta sun ji sirrin gidanta ba. Irin wannan karatu na tsufa, in aka katse shi wata guda, ya zube.

Na uku, na zo ofishinka har na gaji da hawa matakala. Kullum ka fita taro. Safiya bayan safiya na zauna a aji ni kaɗai ina kallon sababbin kujeru, har maigadi ya fara jin nauyina.

Roƙona kaɗan ne. Ka mayar da darasi bayan la'asar saboda matan wasu unguwanni da ke nesa da gidana. Kuma ka daina faɗin waccan magana a gaban jama'a sai ranar da ta tabbata. Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya.

Ni dai na gaji da jira. Mabuɗin aji yana wurin maigadi. Na kwashe littattafaina a Keke Napep, na share zauren gidana, na shimfiɗa tabarmi. Jiya bayan la'asar Inna Hajjo ta karanta sunan ɗanta da kanta, a bakin ƙofata.

Wassalam.

Hajiya Rabi, tsohuwar malamar Ingilishi, Azare.