Darakta Yana Farin Ciki

Alhamis da dare, Kaura Namoda

Takardar ta iso yau. An mayar da ni wata makaranta a Gurbin Bore, can ta hanyar Zurmi, Litinin zan kama aiki. Da kalmar "pleasure" darakta ya buɗe ta, wai yana farin cikin sanar da ni. Shekara shida ina koya wa ɗalibai cewa kalmar jin daɗi ce. Yau na karanta ta, na sake karantawa.

Inna ta ce in fassara mata, na fassara.

Ta ce, "To, shi mai farin cikin, ya taho ya raka ki hanyar Zurmi mana."

Na yi dariya. Ban gaya mata ba cewa malamar da ta riga ni aiki a makarantar, a hanyar nan 'yan bindiga suka ɗauke ta, kuma har yau shiru.