A Bar Mini Kututturen Aduwata

Zuwa ga Shugaban masu faɗaɗa hanyar unguwarmu ta Turaki, Jalingo.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. An ce shekarunka ba su wuce na babban jikana ba, ashe kai ma mijina ne. To maigida, zauna ka ji ƙarar uwargida.

Na ɗaya: tun da aka ba mu jiha kuke ta gyaran gari, ban ce uffan ba. Amma bara yaranka suka sare aduwar ƙofar gidana, wadda marigayi mijina na gaskiya ya hana awaki ci tun tana ƙarama. Ko sallama ba su yi ba.

Na biyu: wannan aduwa ita ce ke kawo mini mutane. Duk Asabar iyaye kan turo yara masu makero a kai. In ɗan ɓare ɓawonta kaɗan, in daka, in kaɗa a ruwa har ya yi kumfa, in wanke musu kai. Mai kuka in yi masa tatsuniya, mai gudu in ce na fasa aurensa. Wanda nasa ya ƙi ji, in tura uwarsa asibiti.

Jikata Rahila, mai koyon aikin jinya, ta ce makero ɗan'uwan fumfuna ne, yana da 'yar fata da wani maiƙo ke riƙe da ita. Kumfar aduwa takan kama maiƙon nan, fatar ta huje, abin cikinsa ya tsiyaye, ya mutu. Na ce ashe mai huda tulu nake aika wa makero ban sani ba!

Na uku: yanzu aduwa sai can wajen Kona, ƙafata kuwa ba ta kai ni. Yara sun daina zuwa. Rahila na makaranta. Ranar Asabar nakan fito da turmi da kujera, in zauna ina kallon motocinku, har rana ta kore ni.

Ga roƙona. Kututturen ya yi toho uku da damina, kuma yana bayan lambatu, bai tare wa kowa hanya ba. Na ji an ce za a tone shi. Don Allah ka hana. Na san ba zan sha inuwarsa ba. Amma jiya wata yarinya ta tsaya tana tambayata ko zai sake yin kumfa, na ce mata ta dawo Asabar mu ba shi ruwa tare. Kada ka sa in yi mata ƙarya.

Allah ya tsare ka, ya raba kanka da makero, don yanzu ba ni da abin wanke maka.

Wassalam.

Kaka Talatu, Turaki.