Rigar Abdulghani

Nuzla, Jidda

Yayata Saudatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni jiki lafiya, sai dai bakin nan nawa da kika sani ya ja mini.

Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu tana da al'ada: duk shekara a zaɓi tsohon ɗan wasa ɗaya a rataye rigarsa a bangon majalisa. Bana aka kawo sunan wani Abdulghani, mai raba ƙwallo a tsakiya tun ina goye. Wai na san ƙwallo, aka sa ni cikin masu zaɓe. Na kalli tsofaffin bidiyo, na miƙe na ce raba ƙwallo ba cin kofi ba ne, kuma wanda ya zubar da fenariti a wasan ƙarshe bango ya fi ƙarfinsa. Har kwaikwayon bugun na yi, Yaya! Ba wanda ya yi dariya, ni kuwa na ɗauka hujja ce ta kama su.

Duk wannan abin da nake yi, Abu Fawaz, mahaifin Afnan da nake nema, yana zuba mana gahawa. A nan da sunan ɗansa ake kiran dattijo, ni kuma kunyar suruki ba ta taɓa barina na tambayi sunansa na yanka ba. Ƙuri'ata ce ta kayar da rigar. Sai a bakin ƙofa Ikrama abokina ya raɗa mini cewa Abu Fawaz shi ne Abdulghani.

Ki ce wa Kawu ya dakata da kiran neman auren.

Ƙaninki,
Abdulbaƙi

Yayata Saudatu,

Ina gaisuwa, a duba mini Inna. Na je ban haƙuri kamar yadda kika ce. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce halas, wato magana ta wuce, fenaritin dai ya zubar, ba ƙarya na yi masa ba. Ya ce Kawu ya kira ranar Juma'a. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da zan fita na ga rigar a kan kujera cikin leda, an yi mata guga. Afnan ta ce shi da kansa ya goge ta ranar zaɓen, ya hana kowa taɓawa.

Ki yi mini addu'a, har yau na kasa haɗa ido da shi.

Naki,
Abdulbaƙi