Gishirin da Ya Dawo

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba. Ko da a ce ana kai wa matattu wasiƙa, ban san inda zan ce a ajiye taka ba, don wurin da muka kwantar da kai yanzu kwalekwalen masunta ne ke bi ta samansa. Amma akwai labarin da ya cika mini ciki, kuma in ba kai ba, ban ga wanda zai ji daɗinsa yadda ya kamata ba.

An gama madatsar Bakolori. Ka rasu tun ana kafa turaku masu jan fenti a gonakinmu na ƙasar Maradun, kana cewa ba ka taɓa jin an tare gulbi ya yarda ba. To, Baba, ya yarda. Ruwa ya yi ta hawa a hankali, ya ci fadama, ya ci gidanmu da zauren karatunka, ya ci tsamiyar ƙofar masallaci, daga ƙarshe ya rufe maƙabarta. Mutanen garinmu sun watse, kowa da inda ya dosa, kuma har yau in an haɗu a kasuwa ba a daɗe da gaisawa sai ido ya cika. 'Yarka Luba tana nan Bakura gidan mijinta, ta haifi namiji, an sa masa sunanka. Ni kuwa ina Talata Mafara ina koyar da kimiyya, aikin nan da ya sa kake mini tsiya kana kira na Malam Kwalba. Na ɗauko Inna, tana wurina.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da ta zo, ta ƙi shan ruwan da ya fito daga madatsa. Magudanar ruwan noman rani ta bayan gidanmu ta bi, amma ko alwala ba ta yi da shi. Ba ta cin shinkafar da aka noma da shi, ba ta cin albasa, kifi kuwa ko warinsa ba ta so. Kullum sai ta ɗauki tulu ta nufi wata tsohuwar rijiya ta hanyar Garbadu, da tsufanta da ciwon gwiwarta, kuma in matata ta ce za ta ɗebo mata sai ta ƙi, wai ba ta san inda za a ɗebo ba. Ta rame, Baba. Ga bazara ta matso, rijiyar tana ja da baya. Ranar da ta faɗi a hanya tulun ya fashe, aka kawo mini ita a kan jaki, na tsorata irin tsoron da ban yi ba tun ranar jana'izarka.

Na ɗauka ƙyama take yi. Ashe ba haka ba ne. Abin da ta ce mini, tana kallon bango, shi ne: “Na san inda munka aje Malam. Yanzu ruwa ya kwashe shi, kowa ya sha, gona ta sha. Ina za a gane shi?” Ta san Allah mai iko ne, matar malami ce, ba ta buƙatar in yi mata wa'azi. Zuciyarta ce ta kasa ganin yadda abin da ya narke zai dawo. Me zan ce mata? Kai ne ka iya irin wannan magana, kai kuma ba ka nan.

Sai na tuna da ƙwayar gero. Ka tuna? Duk ranar da karatun tauhidi ya kawo ku kan jauhari, wato ƙwayar da ba ta rabuwa, sai ka ɗora ƙwayar gero a kan allo ka raba ta da aska, ka sake raba rabin, har ya zama gari a bakin askar. Sannan ka ce in an ci gaba da rabawa, dole a isa ga wani ɗan abu da ba ya rabuwa, kuma daga irinsa Allah ya harhaɗa dutse da raƙumi da sarki. Ina yaro na ɗauka wannan magana a zaurenka aka haife ta. Sai da na je makaranta na tarar ta yi tafiyar da ta fi ta fatake. Wasu mutanen Girka ne suka fara ta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ba su da kwalba, ba su da ma'auni, tunani kawai. Babban masanin ƙasarsu ya ƙi ta, ya ce komai daga ƙasa da ruwa da iska da wuta yake, aka bi shi zamani mai tsawo. Malaman Basra da Bagadaza suka riƙe ta da tasu hujjar, ta shiga littattafai, ta ƙetare hamada a cikin gafaka, har ta zo ta zauna a kan buzunka.

Na taɓa zuwa hutu da ɗokina na gaya maka Turawa sun fasa ƙwayar zarra, wato jauharin nan naka. Ka yi dariya har rawaninka ya karkace, ka ce: “To abin da sunka hwasa ba shi ba ne, gaggawar raɗa suna sunka yi.” Ni na ce ka kauce wa magana, kai ka ce na cika rawar kai, Inna ta kawo fura muka bar ta a nan. Ba mu taɓa ƙarasa ta ba, ga shi sauran labarin ya fi daɗi.

Bari in ba ka shi yanzu. Wani Bafaranshe ya riƙa ƙona abubuwa a cikin kwalba rufaffiya, yana auna nauyinsu kafin wuta da bayanta, ya tarar ko kaɗan bai ragu ba. Abu ya zama toka da hayaƙi, amma babu abin da ya ɓace. Bayansa wani malamin makaranta a Ingila, talaka mai koyar da yara kamar ni, ya ce dalili shi ne kowane sinadari yana da irin ƙwayarsa da nauyinta, kuma wuta ba ta kashe su, sake musu abokan zama kawai take yi. An zauna a kan haka ana ganin an kai ƙarshe. Sai wani ya saki lantarki a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, ya ga akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ke fita daga cikin ƙwayar kanta. Sai kuma wasu suka samo fallen zinariya da ya fi fatar albasa siranta, suka yi ta harbinsa da ƙananan ƙwayoyi. Kusan duka suka wuce kamar babu komai a gabansu, sai jefi-jefi ɗaya ta dawo da baya. A nan aka gane nauyin ƙwayar zarra duk yana dunƙule a wata 'yar cibiya, sauran kuwa fili ne fetal.

Baba, ka ji fa. Allon da kake rubutu a kai, da katangar madatsar nan da ta gagari gulbi, da hannun da nake riƙe da alƙalami, mafi yawansu sarari ne. Me ke riƙe da mu ba mu zube ba? Waɗanda suka zo daga baya sun so su ce 'yan mitsi-mitsin nan suna kewaya cibiya a kan hanya sananniya, sai abin ya ƙi, har suka yarda cewa ba za a iya nuna wurin da ɗaya take da inda ta dosa a lokaci guda ba. Cibiyar ma an buɗe ta an tarar da wasu a ciki. Mutane masu kaifin basira sun yi ta bin ƙwayar geronka zamani bayan zamani, kowa ya ce ga ƙarshe, sai a sake ganin wata ƙofa. Ina koyar da wannan a gaban allo, wani lokaci sai in tsaya cak da alli a hannu, yara su ɗauka na manta darasi ne.

Ban gaya wa Inna Girka ko Ingila ba, da ta kore ni. Abin da na yi, na ɗebo ruwa a tasa, na ba ta gishiri na ce ta zuba da hannunta. Ta zuba, na motsa har ya narke, ta leƙa ba ta ga komai ba. Na ɗora tasar a kan rufin ɗaki inda rana ke duka, na ce kada kowa ya taɓa. Ta yi mini kallon da take yi maka in ka fara raba gero. Da ruwan ya ƙafe na sauko da tasar, ga gishiri fari fat ya kwanta a gindinta, har da 'yan ƙwayoyi masu kusurwa suna ƙyalli. Na ce mata masu awo sun daɗe suna bincike, ba su taɓa kama ƙwaya ɗaya ta ɓace don ta narke ko ta ƙone ba. Na ce in rana, wadda baiwa ce mai bin umarni, ta iya dawo da wannan, to ina ga wanda ya san adadin ƙwayoyin tun kafin a yi rana? Ban ce kwalba ta tabbatar da tashin ƙiyama ba, Baba, kada ka harare ni. Imani ba ya jiran ma'auni. Na dai nuna wa idonta abin da zuciyarta ta riga ta sani.

Ta dangwali gishirin da yatsa ta ɗanɗana. Sai ta ɗauki tasar ta shige ɗaki, ni kuma na ce a raina aikin banza na yi.

Da la'asar sai na ga ta fito da buta. Ba ta bi hanyar rijiya ba, bayan gida ta zagaya. Na bi ta daga nesa. Ta tsaya a bakin magudanar, ta daɗe tana kallon ruwan yana gangarowa daga wajen Maradun, sannan ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta yi masa sallama irin wadda ake yi wa mutanen maƙabarta, ta ƙara da cewa, “Malam, ni ce.” Ta cika buta, ta yi alwala, ta kamfaci ruwan da tafin hannu ta sha. Malam Kwalba da ke cikina ya so ya ce a bari a tafasa tukuna. Amma ni ɗanka na rufe masa baki.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don ba mu saba irin wannan magana da ni da kai ba. Duk shekara, ranar da zan fara darasin ƙwayar zarra, da gero nake shiga aji a aljihu, da askarka. Duk abin da na karanta a boko, tambayarka nake bi. Ina kewarka ƙwarai, Baba, kuma na so a ce mun ƙarasa gardamar nan.

Yau Inna ta ci tuwon shinkafa, har ta ce gishiri bai ji ba. Ka huta lafiya a inda kake, ko a ƙarƙashin ruwa, ko a duk inda ruwan ya kai ka. Wanda ya harhaɗa ka da farko bai manta ko ƙwaya ɗaya ba. Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu a inda ba a watsewa.

Ɗanka mai ɗauke da gero a aljihu,
Lawali