Hoton Bikin Falmata

Laraba da dare, 12 ga Maris, 1986

Yau na karɓo fim ɗina wurin mai wankin hoto, baƙi ƙirin. Ya ce, "Ƙanwata, an buɗe bayan kyamarar nan a rana." Ƙawata Falmata ce ta buɗe, wai so take ta leƙa hotunan. Hoton Baba na ƙarshe yana ciki, yana dariya a gindin darbejiya, sati biyu kafin rasuwarsa. Da na gaya mata sai ta ce, "To ki sake ɗauka mana."

Wallahi ina sonta, amma ni ta ba ɗaukar hoton bikinta a Gomari ranar Asabar. Zan sha ankona, in ce, "Amarya, murmushi!" In yi ta dannawa har magariba. Fim ne dai ba zan sa ba.